Kofin Baba Mai Jan Zare

Shekaranjiya ina tsakar gida ina gyaran kifi sai na ji ƙwal, ƙarfe ya bugi bakin randa. Ban ɗaga kai ba na san abin da ya yi ƙarar. Kofunan gidana duk na roba ne, ba su da murya. Guda ɗaya ne na ƙarfe, shi kuwa a ƙasan adakata yake kwance cikin tsohon zane. Autana ne ya tono shi. Ya tsaya yana jujjuya shi, yana tsokanar zaren da ke ɗaure a mariƙin da farce, ya ce, "Inna, wanga tsohon zare hwa? In cire?" Tsawar da na daka masa sai da kajin maƙwabta suka watse. Yaron bai yi laifin komai ba. Amma tun ranar zuciyata take tafasa, kuma tunda ba ni da wanda zan juye wa, kai mai karatu kai za ka saurara.

Kofin mahaifina ne, na soja. Mahaifina kuwa arne ne, ɗan arne, jikan arna. Na faɗa tun da wuri don kada ka yi ta lalube. Na san yadda kalmar take fita daga bakin mutane, kamar mai tofar da ƙayar kifi, amma mu a gidanmu ba zagi ba ce. A ƙauyenmu, tsakanin Madarumfa da Sarkin Yamma, gidaje kaɗan ne suka rage a kan gado lokacin ƙuruciyata, sauran duk sun shiga salla. Rijiyarmu ɗaya da su, gayyar noma tare muke yi, in gobara ta tashi ba a tambayar gidan wa. Mun san Allah, muna kiran sunansa in an yi tsawa ko an yi haihuwa. Sai dai tsakaninmu da shi akwai iskoki da kakanni, kuma wurin ganawa da su shi ne jigo, wani itace da aka kafa a tsakar gida, gindinsa ya yi baƙi da jinin shekaru.

Kowace shekara, in an gama girbi an kai gero rumbu, kakana na wajen uba, wanda duk gida muke kira Tsoho, yakan yanka jan bunsuru a gindin jigo. Sai ya ɗauki ƙwaryar farau-farau, ruwan garin sabon gero, yana tsiyayawa kaɗan-kaɗan, yana kiran matattun gidan ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanda ya sari dajin har zuwa wanda aka binne bara. Wanda aka kira ya sha, ya san gidansa bai manta da shi ba. Amma akwai doka: wanda ya shiga salla ba a kiransa. Ba ƙiyayya ba ce. Tsoho yakan ce mutum ya sami wata ƙofa, masu ƙofar su za su ciyar da shi da sadakarsu, kada a ja shi gida biyu. Abin da muke tsoro, mu yara da manya, shi ne mamacin da ba a kira shi nan ba, ba a tuna shi can ba. Riƙe wannan dokar a ranka, don a kanta duk labarin yake.

Ranar da aka ɗauki Baba soja ba wanda ya tambaye shi ina yake fuskanta in zai roƙi Allah. Ƙirjinsa suka duba da haƙoransa, suka sa shi gudu cikin rana suka ga ba ya haki. Kaki bai ƙi jikinsa ba, bindiga ba ta ƙi kafaɗarsa ba. In ya zo hutu, tun daga bakin gonaki ake jin yara suna ihu, ni kuwa ƙanshinsa nake fara ganewa, ƙanshin man takalmi da sabulun bariki. Yakan zo mana da kifin gwangwani, mu da tafki yake kusa da mu. Kakata, uwarsa, takan buɗe ta leƙa ta ce ita ba ta cin kifin da aka ɓoye mata kansa, wa ya san abin da ya aikata. Daga baya sai ka gan ta a bayan ɗaki tana suɗe man da yatsa.

Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko a bayan idonsa sai dai ta ce "wancan" ko "mai kakin nan". In ya durƙusa gaishe ta takan kau da kai ta amsa wa bango. Amma ita take kaɗa masa zare, ta rina shi ja, duk zuwa ta ba ni in kai masa, wai ta tsinta ne ba ta san amfaninsa ba.

Zaren na kofi ne. Yakan kwance tsohon ya ɗaura sabo a mariƙin, ya ja da haƙori. Na tambaye shi dalili, ya ce kofunan bariki duk iri ɗaya ne, yana sa alama don kada wani ya sha da nasa bisa kuskure ransa ya ɓaci. Ni da wautar yarinta sai na ɗauka girma ne. Na je ina yi wa ƙawayena burga, wai babana a bariki kamar mai gari yake, ba mai taɓa kofinsa.

Ina kan cinyarsa a gindin itacen bedi nake jin sauran, in yana ba Tsoho labari. In sun sayi akuya a bariki shi ke riƙe ƙafafu, amma ba a ba shi wuƙa. In ya harbo zabo a daji shi kaɗai zai ci abinsa. Da azumi shi ke karɓar gadin tsakar rana don abokansa su kwanta a inuwa. Ranar salla kuwa, in kowa ya sa fararen kaya ya tafi idi, shi ake bari a bakin ƙofa da bindiga, don a sami mai tsaron bayan masu sujada. Suna sonsa ƙwarai, in ji shi, har suna ce masa "arnenmu". Yana faɗa yana dariya, Tsoho yana gyaɗa kai. Dariyar nan ita take ƙona ni yau. Mutum ya tsaya cikin rana da ƙarfe a kafaɗa don ku yi ibada cikin kwanciyar hankali, ladansa a wurinku shi ne ya ɗaura wa kofinsa zare kamar mai kuturta, kuma shi da kansa zai ɗaura don kada ya wahalar da ku.

Wata damina, gero ya kai gwiwa, ya zo da abokinsa. Kaporal muke ce masa, da sunan muƙaminsa na soja, ɗan masunta ne daga Madarumfa, dogo mai fara'a. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ɗauke ni a wuya ya zagaya gari da ni, ya cika mini hannu da alewa. An ce za a tura su arewa, inda hanya take cin mota da mutanenta, shi ya sa ya biyo Baba. Maganin ƙarfe ya zo nema wurin Tsoho. Da idona na ga ya durƙusa a bayan rumbu ya karɓi ƙwaryar Tsoho, wadda ta yi baƙi ƙirin don tsufa, wadda arna ba iyaka suka kafa wa baki, ya shanye jiƙon har da lashe leɓe. Ya tuɓe ya yi wanka da sauran maganin. Amma da Kaka ta kawo tuwo da miyar kaza, sai cikinsa ya tuna yana ciwo. Gyaɗa ya ci, da ɗanyen rogo.

Kaka ta dubi tuwon ta dube shi, ta ce, "Ɗan nan, ashe ƙwaryar tsahi ta hi akushina tsarki?"

Ya yi ta sosa ƙeya. Baba ne ya fid da shi kunya, ya kamo wata kazar ya miƙa masa da wuƙa ya yanka da kansa, mahaifiyata ta sake ɗora tukunya. Kaji biyu suka mutu ranar saboda baƙo ɗaya. Kaka ta daɗe tana ba da labarin, tana cewa maganinmu halal ne, miyarmu ce haram.

Daminar da ta biyo, gero ya fara fid da kai, wata safiya muna tsinkar yakuwa a bayan gida muka ji mota. Mota ba ta zuwa ƙauyenmu sai da dalili. Kaporal ne ya fito da wani babbansu, hulunansu a hannu. Mahaifiyata tana ganin hulunan ta zube a ƙofar gida. Motarsu Baba ta taka nakiya, an riga an binne shi can cikin rairayi. Abin da ya dawo mana bargo ne, da takalma, da kofin.

Kafin hantsi ƙofar gidanmu ta cika. Liman ya zo, mai gari ya zo, maƙwabta masu salla duk sun zo, don mutuwa ta kowa ce. A nan Kaporal ya miƙe, idonsa jawur, ya ce yana da albishir da zai sanyaya mana zuciya. Ya ce a kan cinyarsa Baba ya cika, kuma kafin ya cika ya yi kalmar shahada. Sun yi masa wanka, sun yi masa salla, sun sa shi a sahu ɗaya da 'yan'uwansa da suka faɗi tare. Wuri ya ɗauki kabbara. Mata suka shigo suna kama hannun Kaka suna cewa barka. Barka! Ɗanta na fari yana ƙarƙashin rairayin da ba za ta taɓa gani ba, ana yi mata barka kamar an yi haihuwa. Tsoho ya tashi daga cikin mutane ya shiga gida, na bi shi, na same shi tsaye yana kallon jigo.

Kaka ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce wa Kaporal, "Kai ka jiya da kunnenka?"

Ya ce, "Na jiya, Iya."

Ba su san abin da suka yi mana ba, kuma rashin sanin nasu ya fi ba ni haushi. Shekara da shekaru muna shan rijiya ɗaya, ba wanda ya taɓa damuwa ya san me muke yi wa matattunmu. A ganinsu kyauta suka kawo. A wurinmu kuwa mutuwa biyu aka kawo a mota ɗaya, an kashe shi, kuma an fitar da shi daga gidan ubansa. In maganar Kaporal ta tsaya, bana in an yanka bunsuru ba za a kira Baba ba, baɗi ma haka, har abada. Su kuwa da suka karɓe shi da kabbara, sun yi addu'ar uku, sun ci gumba, sun watse. Ban ƙara jin wanda ya yi sadakar ko ƙosai ɗaya da sunansa ba.

Gero ya nuna, aka shiga girbi. Gidanmu ba a magana sai ƙarar lauje da ta turmi. Kullum da la'asar in an dawo daga gona sai Kaka ta tare Tsoho a gindin bedi da kofin a hannu. Ta ce ya dubi zaren, sabo ne, ita ta kaɗa shi a zuwansa na ƙarshe, mutumin da zuciyarsa ta karkata ga salla ba zai ci gaba da ware kofinsa ba. Tsoho ya ce zare ba ya shaida. Namiji ya tsaya gaban liman da mai gari ya ce ya ji, shi ba ya wurin, ba zai kira wanda aka ce ya bi wata ƙofa ba, kada ya jawo wa gida fushin da ba a san maganinsa ba. In ƙarya ce, wanda ya ɗaura ta ya zo ya kwance a gaban waɗanda suka ji. Na daɗe ina jin haushin Tsoho, har yau ma da saura. Amma na ga yadda ya rame a girbin nan, wuyansa ya zama kamar na zakaran da ya sha ruwan sama.

Ana saura 'yan kwanaki a yanka bunsuru muka ji Kaporal ya zo hutu gida. Ranar kasuwar Madarumfa Kaka ta dirje kofin da toka har yana ɗaukar ido, ba ta taɓa zaren ba, ta ƙulle shi a gefen zane ta ce in biyo ta. Muka bi ta cikin gonakin da aka sare, kara yana sukar ƙafa, har muka fara jin ƙaurin bandar kifi. Ba ta ko kalli kasuwa ba. Muka same shi a bakin tafki, a inuwar wata kuka, yana taya ubansa ɗinkin koma. Ya taso da sauri ya shimfiɗa mata tabarma, ya durƙusa yana gaisuwa. Ta ƙi zama. Ta kwance kofin ta ba ni, ta nuna mini tulunsu da ke jingine a gindin kukar, ta ce in ciko.

Ta karɓa ta miƙa masa da hannunta, ta ce, "Ruwanku na, ba namu ba. Ka ce ya mutu naku. To kohin Musulmi na, sha."

Ya sa hannu biyu ya karɓa, don tsohuwa ba a ƙin karɓar abin hannunta. Ya ɗaga har kusa da baki. Sai babban yatsansa ya taɓa zaren. Wallahi ban ga alamar ya yi shawara ba, hannun ne kawai ya sauka da kansa, idonsa ya waiga gefen tulu yana neman wata moɗa, yadda ya saba yi a bariki shekara da shekaru. Kafin ya farga ya riga ya ajiye kofin a ƙasa. Ya dubi kofin, ya dubi Kaka, sai ya zauna daɓas a kan komar ya rufe fuska.

Ya ce, "Iya, bai ce komi ba. Ko da na kai gare shi ya riga ya tahi. Da sun gina mai rami can gehe, shi ɗai, ba salla, kamar wanda ba shi da kowa. Mutumin da ya yi man gadi ina azumi, ya raba guzurinai da ni. Ban iya gani ba, Iya. Sai na ce na jiya."

Kuka yake yi sosai, majina da hawaye. Na yarda son Baba ne ya sa shi, ban taɓa shakkar wannan ba. Amma dubi irin son. Ya iya yi wa Allah da liman ƙarya saboda abokinsa, bai iya kurɓar ruwa da kofin abokin ba. Kuma bai taɓa zuwa ransa ba cewa wanda ya mutu saboda ƙasa ya cancanci sahu ɗaya da sauran yadda yake, ba sai an sake masa addini yana gawa ba.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To ka taho ka hwaɗi haka gaban waɗanda ka hwaɗa ma waccan."

Ya girgiza kai. Ya ce ubansa ladan ne, ga shi can yana jin su. Ya ce ya sa malami da sahun sojoji sun yi salla bisa, sai ya kasa ƙarasawa.

Kaka ta ce, "Bisa arne. Hwaɗi, ba ta cizo."

Bai faɗa ba, kuma bai zo ba. Ta duƙa ta ɗauki kofin, ta zubar da ruwan a gabansa, muka juya. Da muka hango rumbunan gida ta ce mini in na girma kada in yarda wani ya so ni irin wannan so.

Ta gaya wa Tsoho duk yadda aka yi, ni ma na ba da shaida. Ya yarda, na ga ya yarda, don ya sunkuyar da kai ya daɗe. Amma ya ce abin da aka ɗaura gaban gari ba a kwance shi a bakin tafki gaban mace da yarinya.

Ranar ta zo. Da sassafe aka share tsakar gida, ƙannen Baba suka kama jan bunsuru, muka jeru a bayansu. Ƙanshin sabon gero yana tashi daga ƙwarya, jini yana bin gindin jigo. Tsoho ya fara kira, yana tsiyayawa. Na san jerin da ka, kowane yaro a gidan ya sani. Ya kira kakanninsa, ya kira ubansa, ya kira wansa, ya kira wata gwaggonmu da aka binne kafin damina. Sai ya tsaya. Ƙwaryar tana hannunsa, bakinsa a buɗe. Ina ta cewa a raina faɗi, Tsoho, faɗi mana. Ya rufe baki ya kife ƙwaryar.

A nan Kaka ta ratsa maza. Mace ba ta tsiyaya a jigo, ba a taɓa yi ba. Ta ɗebo farau-farau daga tukunya da kofin sojan, ta durƙusa, ta zuba a gindin itacen. Sannan ta kira shi. Sunan nan da ta haɗiye tun ranar da ta haife shi, wanda ko mijinta bai taɓa ji a bakinta ba, ta ɗaga murya ta faɗe shi har maƙwabta suka ji ta kan danga. Ta ce, "Taho ka sha, ni uwarka ce na kira ka." Ƙannen Baba suka sunkuyar da kai don kunya. Tsoho ya juya baya yana kallon rumbu, bai hana ta ba, bai kuma ce ya karɓu ba. Ko kiran mace yana isa inda ake so ya isa, ba wanda ya iya gaya mini, ko a lokacin ko yanzu. Haka ta yi ta yi duk shekara ita kaɗai har ƙarfinta ya ƙare, ranar da za ta rasu ta danƙa mini kofin.

Yau ba jigo a gidanmu. Bayan Tsoho ƙannen Baba duk sun shiga salla, aka tumɓuke itacen, na ji an ce har girki aka yi da shi. Ni ma ina salla, kuma ba wanda ya tilasta mini, ina azumi, ina fatan in cika da imani. Kada ka ɗauka haushin addinina nake ji. Da bakin mai salla nake cewa ƙarya a kan gawa ƙarya ce, ko da hawaye aka yi ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙaryar ta yi ƙiba ta zama tarihi. 'Ya'yan ƙannen Baba suna bugun ƙirji wai mahaifina ne Musulmin farko a gidan. Autana ma haka ya ji, har yana cewa in ya gama karatun lakwal, soja zai shiga ya gaji kakansa. Har yanzu kuwa akwai 'ya'yan masu gado da na masu coci cikin kaki, suna tsaron ƙofa ranar idi, ban sani ba ko sun daina ɗaura zare.

Kaporal yana nan da ransa, ya tsufa, ya bar aiki, ya yi gemu fari. Nan Madarumfa nake aure, don haka mukan haɗu, ya gaishe ni idonsa a ƙasa. Bazarar da ta wuce, rana tana dukan tsakar ka, ya biyo ta ƙofar gidana daga jana'iza, ya jingina da bango ya ce a taimaka masa da ruwa. Na shiga na buɗe adaka. Na ciko kofin daga randa na miƙa masa. Ya ga zaren, ya gane shi, duk da ya koɗe ya zama kalar ƙasa. Ya ɗaga ya shanye tas, ruwa yana bin gemunsa, ya miƙo mini yana kallona kamar mai jiran in ce shi ke nan.

Na ce, "Baba Kaporal, ruwa ka sha. Saura maganar."

Ya ce, "Ɗiyata, wa ya rage da za a hwaɗa ma?"

Gaskiyarsa. Liman ya mutu, mai gari ya mutu, Tsoho da Kaka sun mutu, jigon ya zama toka. Ya jira har duk wanda maganar za ta amfana ya kwanta dama, sannan ya iya shan ruwa. Na karɓe kofina na shige gida, ban ce na yafe ba, don ban yafe ba.

Amma tambayarsa ta zauna mini, kuma shekaranjiya na sami amsarta tsaye a bakin randa. Bayan na huce na kira autan na zaunar da shi, na gaya masa duk abin da na gaya maka. Na ce kakansa soja ne, arne ne, a kan gadonsa ya rayu a kansa ya mutu, bai ce komai ba. In zai yi alfahari da shi ya yi da wannan, in ba zai iya ba ya bar shi ya huta. Yaron ya dubi kofin, sannan ya tambaye ni sunan kakan nasa na gida, wanda Kaka ta kira. Na faɗa masa, ya maimaita a hankali. Ya ɗebo ruwa ya sha, ya rataye kofin a ƙusa kusa da randa, da zarensa. Ban mayar da shi adaka ba.